Zanen Baba Bayan Rasuwar Inna

Jiya maƙwabcinmu ya dafa tawada, ƙamshin ƙaro ya shigo ɗakina, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo a Kudan, zamanin Turawa. Da Inna ta rasu, na zo daga Makarfi na tarar da shi a zaure yana ta jan baƙaƙen layuka a takarda, sun cukurkuɗe, ba su yi kama da komai ba.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Bai ɗago ba. "Ban sani ba, 'yar nan. In na ajiye alƙalamin, kuka zan yi."

Na zauna ina riƙe masa kurtun tawada har la'asar.

Allah Ya jiƙansa, Ya sada su a Aljanna.