Batirin da Ke Ƙarƙashin Murhun Inna

Murhun gas ɗin Inna ya girmi autarmu. Mai kai huɗu ne, fari, ko da yake farin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Da yana sabo, murɗa makunnin kawai ake yi, a ji ƙyas-ƙyas-ƙyas, wuta ta kama. Daga baya ya yi shiru, muka koma ashana. Sai ka murɗa, ka ƙyasta, ka miƙa hannu kana kau da fuska, wutar ta tashi fuu! Sau biyu tana babbake mini gashin hannu.

Wata Asabar na je gidanmu a Kusfa, na tarar Yayana ya fito da shi tsakar gida yana jiran 'yan gwangwan.

"Yaya, bar mini shi zuwa la'asar," na ce.

"Ke da ke koyar da Larabci, me kika sani a murhu?"

Inna na kan tabarma, idonta na kan murhun.

Na hau keke-napep zuwa Ƙofar Kibo, wurin wani dattijo mai gyaran murhu. Ya ce in raba shi da tukunyar gas tukuna, in wanke kawunan su bushe, in tsokane ƙananan hudojin da allura, in goge ɗan farin tsinken da ke fitar da tartsatsi. Sai ya ce, "Malama, yaushe rabon da ku canja masa batir?"

"Batir kuma? Murhu na da batir?"

Ya yi ta dariya har da tari. Ni kuwa ban san lokacin da na iso gida ba.

Muka karkata murhun ni da Yaya. Ga ɗan murfi can ƙasa, maiƙo ya rufe shi. Na ɓalle, sai ga batir ya kumbura, duk tsatsa. Na yi ihu, "Inna, zo ki gani!" Ashe shekara da shekaru yana nan, ba wanda ya sani.

Na kankare wurin, na sa sabo, na bi kawunan da tsohon buroshi. Da muka haɗa tukunyar, na shafa wa tiyon ruwan sabulu kamar yadda dattijon ya ja kunnena. Kumfa ta taso a wuri guda: tiyon ya tsage. Na rufe gas ɗin da sauri. Yaya da kansa ya zura takalmi ya je ya sayo wani.

Na ce Inna ta murɗa. Ta yi bisimilla, ta murɗa. Ƙyas-ƙyas, sai wuta shuɗiya ta zagaye kan, lif, ba ƙara. Na rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Inna ta kashe, ta sake kunnawa. Ta kashe, ta kunna. Sai da ta bi kawunan huɗu ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, sannan ta dube ni ta ce, "To, tsayuwar me kike yi? Ɗora mana ruwan tuwo."