Hancin Tanki Na Huɗu

A ma'ajiyar man babu mai kiransa da sunansa na yanka. Likita ake ce masa, likitan hanci, domin shekara ashirin da bakwai aikinsa ɗaya ne, hawa kan tankunan fetur ya duba ko suna numfashi. Da ya fara faɗin haka dariya aka yi masa, daga baya kowa ya ɗauka. Tanki, in ji shi, in ana ɗura masa mai sai ya fitar da iska, in ana zuƙa sai ya shaƙa. Bututun da ke saman rufin shi ne hanci. A cikinsa akwai ragar ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, iska tana wucewa, amma wuta ba ta iya bi ta shiga ciki. A gefe kuma ga wani murfi mai nauyi da suke kira hula. Ba a ɗaure ta, zaune take kawai, don ranar da iska ta fi ƙarfin hanci ta ɗaga da kanta.

Kayan aikinsa da ya fi ji da shi tsohon buroshin haƙori ne, kullum yana aljihun gaba. Da shi yake yaƙi da tsatsa da gidan zanzaro. Har gida halin ya bi shi. Matarsa in ta rufe tukunya ruf, sai ya bi bayanta ya ɗan karkata murfin, ita kuwa ta ce wata rana sai ta dafa shi da buroshin nasa.

Bara gwiwa ta fara yi masa gardama, manaja ya mai da shi ɗakin ajiyar kaya, hawa sai sau ɗaya a mako. Abin ya ci masa rai. Da aka tashi yi wa tankuna fenti, shi ya kawo mijin 'yarsa, mai fenti, mutum marar yawan magana, mai tsabtar aiki har ta yi yawa. Ranar farko ya hau da shi, ya nuna masa.

"Ka ga ragar nan? Ko ɗigon fenti kada ya taɓa ta."

"To, Baba."

Ranar Laraba da rana tsaka, Likita yana zaune a ƙofar ɗakin kaya sai ya ji bututun da ke kai mai tanki na huɗu yana gurnani. Na huɗu kuwa ba zai karɓi mai ba sai jibi, shi ya sa ma mai fenti yake kansa. Ya kasa kunne yana jiran hucin da tanki ke yi in yana cika. Shiru. Ya ɗaga kai. Can sama ga surukin nasa a durƙushe yana kankare ƙarfen kariya na bakin rufin, ga hancin kuma an naɗe shi da shuɗiyar leda, an ɗaure da igiya tsaf.

Likita ya miƙe. Ya nufi ɗakin famfo yana jan ƙafa.

"Wa ya ce a buɗe wa na huɗu?"

"Manaja," in ji mai famfo. "Man ya iso da wuri, na uku ya cika."

"Akwai mutum a kansa. Kashe."

"Likita, sai dai in manaja ya..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗar mai famfo ya danna jan maɓalli, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki. Gurnanin ya mutu.

Amma iskar da ta riga ta taru tana nan a ciki, ga rana tana ƙara dafa ta. Hular ya kamata a ce ta ɗaga tuntuni, ba ta ɗaga ba. Likita bai yi wa surukinsa ihu ba. Mutum in ya firgita yakan saki abin da ke hannunsa, abin da ke hannun surukinsa kuwa ƙarfe ne. Ƙarfe ya daki ƙarfe, tartsatsi ɗaya ya isa, in tururin fetur ya sami inda yake tsiyaya.

Matakala saba'in da biyu ce, ya san su kamar haƙoransa. A ta talatin ya ji jikin tankin ya yi ƙas, kamar gwangwanin da aka taka. A ta hamsin gwiwar ta ƙi, ya kama ƙarfe ya ja jikinsa. 'Yarsa kawai yake gani a ransa, da cikinta wata bakwai.

Da ya kai, rufin da ya sani shimfiɗe ya ɗan kumbura a tsakiya. Gefen hular kuwa fenti ya zagaye shi ya bushe, ya manne ta da mazauninta.

"Sannu da aiki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, kai da gwiwarka?"

"Ajiye ƙarfen nan a kan tsumma. A hankali. Yauwa. Bi gefe, kada ka taka tsakiya. Sauka, kada ka yi gudu."

Mai fenti ya dubi fuskarsa, ya ajiye ƙarfen, ya bi gefe. Sai da Likita ya ga ya yi nisa a matakalar sannan ya rarrafa zuwa hancin. Ledar ta cika tam, igiyar ta nutse a cikinta, ƙullin ba zai kwantu ba. Wuƙa na aljihunsa, amma ƙarfe ce. Ya zaro buroshin, ya juya fuska gefe, ya yi bismillah, ya caka gindin buroshin a ledar.

Tankin ya saki numfashi. Hucin ya daɗe yana fita, warin fetur ya cika masa ido da maƙogwaro, yana jin rufin yana komawa ƙarƙashin gwiwoyinsa kaɗan-kaɗan. Bai motsa ba sai da ƙarar ta zama irin wadda ya saba ji.

A ƙasa ya tarar da manaja yana ta faɗa a kan maɓalli, har ya ga yagaggiyar ledar a hannun Likita, ya ja da baya. Likita ya wuce shi, ya tsaya gaban surukinsa. Tsoron ya sake shi, fushi ya maye gurbinsa.

"Wa ya koya maka toshe hancin tanki?"

Mai fenti ya sunkuyar da kai.

"Baba, kai ka ce ko ɗigo kada ya taɓa ta. Har leda biyu na sa."

Likita ya dubi ledar da ke hannunsa. Shekara ashirin da bakwai yana damun direbobi da masu gadi da zancen numfashi, har matarsa ta haddace. Mutum ɗaya da ya hau da shi da kansa, kunyar surukuta ta sa ya gajarta masa magana, ya gaya masa rabi. Ya zauna a matakala ta farko, ya matsa gefe.

"Zauna nan," ya ce. "Bari in fara maka daga farko."