Kawu Sale da Tuwon Mutanen Nepal

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Sale kwano a unguwar Zahir da ke Makka ya san tambayoyinsa uku: "Wa ya dafa? Wa ya yanka? Me ya sa aka ba ni?" Ta ukun ce ke kashe mutum. Na taɓa kawo masa dabinon Madina, ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Habibu, faɗi abin da kake so tun da wuri." Wallahi ba abin da nake so! Ko Zamzam aka kawo, sai ya ji wanda ya wanke jarkar.

Girkin mutum ɗaya ya yarda da shi a duniya, na matarsa Inna Rabi. Da ta rasu sai ya koma burodi da shayi, wata huɗu cur. 'Ya'yansa su kawo kabsa, dafa-dukan shinkafar Larabawa, ya ce man ya yi yawa, akwai abin da ake rufewa. Matata ta tuƙa tuwo, ya ce, "Jiya gaisuwarta sama-sama, yau kuma tuwo?" Mutum ya rame, jallabiya kamar an rataye ta a ƙusa. Likita ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in bai koma cin abinci ba, ba za a daɗe ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don shi ya riƙe ni bayan mahaifina.

Rannan bayan la'asar na ce ya raka ni unguwar Aziziyya karɓo saƙo. Sai ga mu a ƙofar wani ɗan gidan abinci na mutanen Nepal, inda nake cin na rana lokacin aikin alhazai. Ya ja ya tsaya.

"Nepal kuma? Musulmi ne?"

"Haba Kawu, a Makka fa muke. Wa zai bar wanda ba Musulmi ba ya shigo?"

"Kai ne a bakin shingen?"

Ya sa aka kira mai girkin, wani gajere mai fara'a, Rahim, ya ce masa da Larabci ya karanto Fatiha. Bawan Allah ya karanta tiryan-tiryan. Kawu ya juyo ya raɗa mini, "Ka ji? Ko gargada babu. Ya saba a tuhume shi."

Aka kawo momo, wato nama a ƙunshe cikin kwaɓin fulawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana farkewa. "Nama in na Allah da Annabi ne, me zai sa a naɗe shi?" Aka kawo miyar kori ta kaza, ya ce rawayar nan an zuba ta ne don a ɓoye shekarun kazar. Ko loma bai yi ba. Na sallama, na ce yau ma an yi asarar man mota.

Sai ya tashi wai wanke hannu, ashe kicin zai leƙa. Can na jiyo shi: "La ilaha illallahu! Habibu, zo ka ga ɓarayi!"

Na ruga. Ma'aikatan ne zaune a ƙasa suna cin nasu abincin da ba sa sayarwa: tuwon gero ne sak, da miyar busasshen ganye mai warin daddawa, kuma da hannu suke kai loma.

"Wa ya koya muku tuwo?"

Rahim ya ce a wurinsu sunan wannan tuwo dindo, kakarsa ma shi take tuƙawa can cikin duwatsunsu.

"Ƙarya! Wani alhajinmu ne bakinsa ya suɓuce a Mina." Ya naɗe hannun riga. "Yalla, matsa. Sai na gano na wane gari aka sace."

Malmala biyu ya tashi da ita, ya suɗe kwano. Ina tsaye hawaye na zubo mini, na ce, "Kawu, da daɗi?"

"Bincike nake."

Shekara uku yana wannan bincike, duk Juma'a in an sauko daga Harami. Ya murmure har kumatu suka dawo. Yau ya ce satar daga Katsina ce, wani mako ya ce a'a, hannun Maraɗi ne. Rahim kuwa yana ganinsa zai ware masa tabarma a kicin, don Kawu ya ce ba ya zama inda ba ya ganin tukunya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Rahim ya rufe shago ya kawo masa tuwon har gida, da zafinsa. Loma uku ya iya. Ya kama hannun Rahim ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce da Hausa, "Hannunka irin na Rabi ne." Ya harare ni. "Kada ka fassara masa, kansa zai kumbura."

Ban fassara ba sai a zaman makoki. Rahim ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ya yi ta kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya sada shi da Inna Rabi a gidan aminci. Amin.