Matar da Ke Duba Ƙafar Kaza

Mai kaji ya ga masu saye iri-iri, amma bai taɓa ganin irin matar nan ba. Doguwa ce, ta manyanta, tabarau ya zamo mata har karan hanci, takalminta duk busasshen taɓo. Kowa ƙirjin kaza yake latsawa ya ji tsoka. Ita kuwa ƙafa ta kama, tana shafa ɓawon da ke jiki da ɗan yatsa, tana murmushi kamar ta gamu da tsohuwar ƙawa.

Tun safe bai yi ciniki ba, don haka ya lallaɓa. "Hajiya, ai naman ba a ƙafa yake ba."

"Dangi nake dubawa," in ji ta. "Aikinmu ke nan, mu bi ƙashi da jini mu gano wa ya haɗa kaka da wa. Ka ga kazar nan? Kada ya fi kusa da ita a zumunci a kan ƙadangare."

A ransa yana cewa wannan malamar jami'a ce, kuma 'ya'yanta suna shan fama: miya na hucewa, ita tana ba da tarihin kowane ƙashi.

Ta zaɓi ramammiyar da kowa ke tsallakewa, ta rungume ta, ta shige cikin jama'a. Mai kaji ya miƙa hannu cikin keji, sai ya ga zakara ya kafe shi da ido.

Ya janye hannun a hankali. "Yallaɓai, a gafarce ni. Ban san gidanku ba."