Rigar Darmaji

Shekara arba'in ina karce bayan mutanen unguwarmu a gefen garin Klaten, da tsohon kwabo ɗaya da man kwakwa. Duk wanda iskar sanyi ta shiga jikinsa wurina yake zuwa, ya tuɓe riga, in zana masa jajayen layuka kamar ƙayar kifi, ya yi gyatsa ya tashi garau. Na ga bayan liman, na ga na ɓarawo. Na Darmaji ne ban taɓa gani ba.

Ɗan acaɓa ne, shekarunsa ashirin da uku, kuma ba ya iya zama. In ya shiga rumfar shayi, bango yake jingina da shi, idonsa na ƙofa. Ka yabi rigarsa, sai ya hau lissafin abin da kake shirin ƙwace masa. Ka kai hannu za ka kaɗe masa tururuwa, sai ya goce kamar ka jefo dutse. Aiki huɗu ya bari, kowanne don maigida ya ce, "Zo, akwai magana." Bai taɓa tsayawa ya ji maganar ba.

Ubansa mai saƙar kujerun gora ne, ba ya rasa tsumagiya. Yana yaro muna jiyo dukan ta katanga, mu ƙara muryar rediyo. Har da ni, sarauniyar surutu.

Da damina matarsa Warsiti ta shigo mini da jaka a hannu, za ta koma gidansu a Boyolali.

"Wata takwas da aure, Kaka, ban taɓa karce shi ba. Ruwa ya dake shi yana rawar sanyi, na ɗauko kwabo, sai ya hau babur ya fice. Sau uku ke nan. Matar da ba ta karce mijinta ai baƙuwa ce. Ko wata ke yi masa?"

"Wa zai yi miki takara a kan tsinken tsire? Me kika ce masa?"

"Abin da kowa ke cewa mana. Tuɓe riga ka juya."

Kalmomin ubansa ke nan, babu ragi. Da su ake farawa, sannan sauran ya biyo ta katanga.

Na aika a kira shi, na ce fasinja ce. Ya zo ya toge a bakin ƙofa, makulli na yawo a yatsansa. Ya ga jakar.

"Haɗa kai kuka yi ke nan."

"Ƙwarai. Yanka ka za mu yi, sai dai babu nama. Zauna, ɗan nan, ka ba bangon baya tunda shi ne amininka."

"Ba zan tuɓe ba, Kaka."

"Wa ke marmarin ganin haƙarƙarinka? Bar rigarka."

Na zaunar da Warsiti a gabansa, gwiwa da gwiwa, na danƙa mata kwabon. Na ce ta zura hannu ta ƙarƙashin rigar, ta zagaya, yana kallon fuskarta. Tunda nake ban ga an karce mutum ta gaba ba, kamar mai daka da turmi a kife.

Yatsunta suka taɓa tabon tsumagiyar da ke bayan. Ta tsaya. Sannan ta ja kwabon.

Layi uku ya jure, a karkace, sannan ya zabura ya nufi ƙofa. Ya tsaya nan yana haki, ƙafa ɗaya a waje. Sai gyatsa ta ƙwace masa, irin ta bijimi.

"Saura ɗaya gefen, Mas," in ji Warsiti, yadda matan nan ke kiran miji.

"Gobe," ya ce. Ya sunkuya ya ɗauki jakarta ya ɗaure a babur.

Har yau bango yake jingina da shi. Kwabona kuwa ba su dawo da shi ba, ɓarayi.