Injin Ban-Ruwa Sai Tubabbe

Har na yi ritaya ban manta da ranar da muka tantance tubabbu a Kura ba. Lokacin ina malamin gona, aikina zagaya manoman rani a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani.

Wata ƙungiya ce ta kawo injinan ban-ruwa, ta ce a raba wa matasan da suka tuba daga shaye-shaye, don ta gano zaman banza ke jefa su ciki. Gaskiya ta faɗa. Masu casar shinkafa sun rage ma'aikata, samari sun tare a gindin gada, wanda ba ya riƙe da kwalba yana da ƙwaya a aljihu. Sharaɗin ɗaya ne: sai wanda ya taɓa sha.

Shugaban sashenmu, Alhaji Tasi'u, shi ke tantancewa, ni ina kiran layi. Gwajin nasa ba na asibiti ba ne. Ya leƙa ido, ya duba leɓe, ya tambayi sunayen ƙwayoyi. Wanda ya jero ba gargada ya ci jarrabawa.

Sai ga Sabi'u, wani saurayi daga Bunkure. Ya yi difloma, aiki ya gagara, ya koma gonar gado, tumatirinsa na ƙonewa saboda rashin inji.

Alhaji ya ce, "Me kake sha?"

"Yallaɓai, ko taba ban taɓa sha ba."

"To daga me za ka tuba? Dubi idonka fari fat kamar na jariri. Matsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan yana da gona, ruwa na wucewa ta gefenta."

"Malam Haruna, ƙa'ida muke bi. In muka ba masu hankali, wa za mu nuna wa baƙi a hoto?"

Raina ya ɓaci matuƙa, amma ƙaramin ma'aikaci bakinsa na tari ne kawai. Kafin mako ya zagayo, yawancin injinan sun koma kasuwa.

Bayan damina aka kawo kashi na biyu. Sabi'u ya dawo, ido jajur, harshe ya yi nauyi. Ya jero sunayen har da waɗanda Alhaji bai taɓa ji ba.

Alhaji ya washe baki. "Yauwa! Ga cikakken tubabbe. A kawo mai hoto."

Na ja shi gefe na ce, "Sabi'u, wasan kwaikwayo kake yi, ko?"

Ya ce, "Da fari wasa ne, Baba. Amsar jarrabawa na je koyowa a gindin gada."

"Gonar fa?"

"Na sayar."

Ya saɓa injin a kafaɗa, yana tangaɗi, ba shi da inda zai dasa shi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Matashi yana lura da ƙofar da ake buɗewa. In ta masu maye kaɗai muka buɗe, kada mu yi mamakin ganin layi ya ƙaru. A rahoton shekarar, hoton Sabi'u ne a bango, an rubuta a ƙasa: "Mun ceto shi."