Kwamfutar da ta ƙyafta wa Gwaggo Indo ido

Duk wanda ya yi aiki da Gwaggo Indo a ofishinmu na Gumel ya san ba ta kunna kwamfuta sai ta zizara kwalli. Za ta ciro tandu daga jaka, ta yi bisimilla, ta ce, "Ba a shiga yaƙi ba garkuwa." Ƙanwar babana ce, ita ta koya min buga takarda, ni kuwa kunya take ba ni a gaban mutane. Allah ya yafe min!

Akwai wata tsohuwar kwamfuta da fuskarta ke rawa, haske ya zo ya ɗauke. Ranar da aka ajiye mata ita, ta dube ta sau ɗaya, ta juya ta tana kallon bango. Oga ya shigo neman takarda.

"Hajiya, me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, tun safe take ƙyafta min ido. Ni matar aure ce!"

Dole aka canja mata da mai lafiya.

Sannan ga tashin nan nata. Ba ta yin rabin awa sai ta miƙe ta je taga, ta ƙura wa nesa ido. Wai ido ma yana son miƙe ƙafa. Wata rana wani mutumin Maigatari ya ɗaure ragonsa a gindin darbejiyar da take kallo. Da ya ga ta leƙo har sau huɗu, sai ya matso.

"Hajiya, in kina so ki taya mana."

"Kai dai bar shi a nan. Magani nake sha da shi."

Ni fa, don in nuna ni 'yar zamani ce, na ɗauki kwamfutar nan mai rawa na ce idon yara ba ya tsoron komai. Har na riƙa kwaikwayon Gwaggo. Ran nan na ɗauki biro ina yi kamar mucciyar kwalli, 'yan ofis na ta dariya, sai dariyar ta tsaya cak. Ashe tana bayana.

"Hadiza," ta ce, "kin manta bisimilla."

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Wata biyu, idona ya yi ja kamar gauta, kai na sara, haruffa na zama biyu-biyu. Na ɓoye mata, na ce zan je biki Gagarawa, na wuce wurin likitan ido. Ya ce in rabu da fuskar da ke rawa, in rage haske, in riƙa ƙifta ido ina kallon nesa. Saura kaɗan in tambaye shi ko Gwaggo ce ta aiko shi.

Ranar Litinin na tarar da kwamfutarta mai lafiya a teburina. Ita kuma ta kakkaɓe tsohuwar tafireta tana ƙwanƙwasawa da yatsun nan nata masu fama da sanyin ƙashi.

"Na yi kewar ƙararta ne," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ya amarya?"

Na ce lafiya lau. Ban yi mata godiya ba, kullum ina cewa gobe, har aka yi mata sutura.

Gwaggo, na gode. Allah ya yafe miki kamar yadda kika yafe min ban roƙa ba, ya sanyaya makwancinki. Amin.